Lofen Baba Mai Zoben Azurfa

Ƙanena Norbert Hudak ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙa a garinmu, kuma in ni za a tambaya, ba albashi ne ya riƙe shi ba. A duk bakin kogin Ohio, wannan ne kaɗai aikin da zai ba mutum damar sanin wa ke shan lofe, wace irin taba ake aiko masa, kuma yaushe tarinsa ya fara tsananta. Duk gidan da ya kai ƙunshin taba, sai ya ajiye sunan maigidan a ransa ya shiga jira. Haƙuri kam Allah ya ba shi, amma ban taɓa ganin ya kashe shi a kan abin kirki ba.

Lofe yake tarawa. Ba ma kowane lofe ba, iri ɗaya tak, wanda masu harkar suke kira buldog: gajere, mai ƙiba, da zane biyu kewaye da kwanon, wuyansa mai kusurwa huɗu. In ka kawo masa wani iri, ko daga fadar Ingila ya fito, zai juya shi sau ɗaya ya miƙo maka abinka kamar ka ba shi mataccen ɓera. Lofen nasa sun fara da kan talabijin, suka cinye falo, suka haura bene suka kori keken ɗinkin matarsa Joyce daga ɗakinsa. Ran da ya cire hotunan bikinsu daga bango don ya kafa wani katako mai ramuka, Joyce ta ce za ta je Arizona ta ga 'yar'uwarta na mako biyu. Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan. Har yanzu in an tambaye shi sai ya ce ta yi tafiya.

Ni ce yayarsa, Bernadine. Shekara shida na ba shi, don haka na san inda ciwon ya samo asali.

Babanmu ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, kuma buldog yake sha. Ya rasu ina da shekara goma sha uku, Norbert yana da bakwai. Tari ne ya ɗauke shi, shi ya sa Mama ta tsani lofen nan kamar shi ya shaƙe mata miji da hannu. Kwana tara da binne shi ta tattara takalmansa da rigunansa da lofen, ta kai gwanjon coci, ta dawo ta buɗe tagogi duk da sanyin da ake yi. Norbert ya yi kuka har ya shiɗe. Tun daga ranar yake neman lofen Baba, kuma shi ne dalilin duk waɗannan ɗaruruwan da suka cika masa gida. Kowanne ya saye shi ne a kan hanyar neman guda ɗaya.

In ka zauna da shi minti biyar zai kwatanta maka shi. Idonsa ya yi sama, muryarsa ta sauka ƙasa. "Aikin Landan ne. Icce ja kamar garwashi. Ga zoben azurfa a wuya, in Baba ya zauna a baranda rana ta doke shi, sai ka kare idonka. Ko cikin dubu aka jefa shi, ni zan gane shi."

To, ga gaskiyar da ni na sani. A kantin magani Baba ya sayi lofen nan, daga cikin kwandon da ke kusa da cingam. Wata rana ya faɗi masa a bakin aiki wuyan ya tsage. Ya dawo gida ya ɗauki jan gwangwanin kofi, ya ɗauki almakashin ɗinkin Mama, ya yanko siririn ƙarfe, ya juya jan fentin ciki, farin ya koma waje, ya naɗe tsagar da shi. Ni na riƙe masa lofen yana matsewa da filaya. Almakashin ya yi giɓi, Mama ta yi kwana uku tana mita. Wannan shi ne zoben azurfa.

Ban taɓa gaya masa ba. Da farko tausayi ne, don wa zai dubi maraya ɗan shekara bakwai ya ce masa azurfar ubansa gwangwani ce? Mama ma ta ce in bar shi, zai manta. Bai manta ba. Ya yi gemu da maganar, ya yi aure da ita, ya yi furfura da ita. Da ya kai inda ya kamata a gaya masa, abin ya riga ya yi girman da in ka taɓa shi sai ya rushe a kan mutum. Kuma in faɗi gaskiya, daga baya har daɗi nake ji in ga babban masanin lofe na gari yana neman abin da babu shi a duniya.

Yadda yake samo kayansa kuwa, da safe kafin ya sha kofi yake buɗe jarida a shafin waɗanda suka rasu. Sai wayata ta yi ƙara.

"Yaya, kin ga jarida? Tsoho Gorski ya tafi."

"Allah ya jiƙansa. Buldog nawa ya bari?"

"Haba Yaya! Mutum ya mutu kina maganar lofe?" Sai ya rage murya. "Huɗu. Ɗaya ma bai taɓa kunna shi ba. Kina da kabeji a gida?"

Ba a zuwa gidan rasuwa hannu biyu, kowa ya sani, kuma Norbert ko ƙwai bai iya soyawa ba. Ni ce mai dafa taliya da kabeji da man shanu, ni ce mai ɗaukar kwanon a cinyata cikin motarsa. Yana da ƙa'ida: kwana uku bayan jana'iza. Ya ce ranar farko rashin kunya ne, ranar ta biyar kuma 'ya'ya sun riga sun zo daga Columbus sun zuba komai a shara. Zai sa baƙar riga, ya riƙe hannun matar mamaci da hannu biyu, ya ce marigayi mutum ne na mutane, alhali idonsa na kan kanta yana ƙirga. Can sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Waɗannan abubuwan, ganinsu kullum sai ya riƙa tayar miki da hankali. In kina so in rage miki nauyi." Na ji wannan jimlar ta fi sau sittin, ko waƙafi bai taɓa canzawa ba. Ni kuwa ina kicin ina neman inda zan ajiye kwano, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

In ya kawo su gida sai ya sauka ɗakin ƙasa, inda ainihin gwanintarsa take. Tsohon lofe yana zuwa da tarihin mai shi a jiki. Akwai ƙanzon taba da ya taru a cikin kwano. Akwai ƙuna a leɓen kwanon, ta gefen da mutum ya saba kai ashana. Akwai sawun haƙori a baƙar robar da ake sa wa a baki. Akwai kuma warin tabar mai shi da ya shige cikin iccen, wanda su suke kira fatalwa. Norbert ba ya barin ko ɗaya. Ya kankare ƙanzon, ya bi sawun haƙorin da sanfefa tun daga mai kaushi har mai laushi, ya tafasa sifirit ya ɗura ta ciki har fatalwar ta fita, ya shafa kakin zuma ya ɗora a injin goge. In ya gama sai ya ɗaga shi sama ya yi kirarinsa: "Ko mai shi ya tashi daga kabari ba zai gane shi ba." Mutum ya yi shekara arba'in yana tauna abu, ƙanena ya share shi daga duniya kafin abincin rana, kuma yana jiran a tafa masa.

Akwai masu tafa masa kuwa. Suna da ƙungiya, tsofaffi goma sha ɗaya, suna haɗuwa Asabar ɗin farkon wata a zauren 'yan kwana-kwana. Ban taɓa ganin mutanen da suka damu da lafiyar juna kamar su ba. In ɗaya ya yi tari, goma su juyo. "Ya jikin? Me likita ya ce? Iyali sun san darajar abin da ke cikin kabad ɗin nan dai ko?" Babban abokin adawarsa a cikinsu shi ne Dokta Elwood Finch, tsohon likitan haƙori, wanda ya cire wa Norbert haƙoransa ɗaya bayan ɗaya ya yi masa na roba. Shi Dokta ba ya ƙyamar sawun haƙori, karanta shi yake yi. Ka ba shi tsohon lofe, ya sa tabarau, ya gaya maka da wane gefe mai shi yake tauna abinci da kuma ko yana da saurin fushi. Norbert ya ce wannan bokanci ne, kuma ƙazanta ce.

Shekarar da Norbert ya cika sittin da shida, Walter Petrak ya rasu yana da casa'in da ɗaya. Tare suka yi aiki da Baba a bakin tanderu ɗaya, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Gidansa na kan layin da Norbert ke raba wasiƙa, kuma Norbert ya tambaye shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ko ya san wanda ya sayi lofen Baba na Landan mai zoben azurfa. Kullum Walter sai ya sosa kai ya ce, "Ɗana, ni dai ban taɓa ganin ubanka da irin wannan ba." Norbert ya ce tsufa ya cinye masa ƙwaƙwalwa.

Kwana uku cif muka je, ni da kabejina. Matar Walter, Irma, ba ta ma bari ya kai ga jimlarsa ba. Ta riga ta zuba komai a kwalin takalmi ta ɗaure da igiya.

"Ga su nan, mai wasiƙa, na san abin da ya kawo ka. Ka huta da jawabi." Ta tura masa kwalin. "Akwai ɗaya a ciki ba nasa ba ne, na wani abokinsa ne. Bai taɓa sha ba, a durowar safa yake ajiye shi. Ni ban ma san ko na wa ba ne, tun kafin aurenmu yake da shi."

"Allah sarki, Allah sarki," in ji Norbert. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya riga ya zura yatsa ta ƙasan murfin ya hango wani lofe mai tambarin Landan. Ni kuma ina can ina fama da firij ɗin Irma da ya cika da taliyar mutane, ban leƙa kwalin ba.

Mako biyu bayan haka aka yi baje kolin ƙungiya na shekara. Mutane suka zo daga Pittsburgh da Wheeling da tebura da akwatuna. Da yake doka ta hana shan taba a cikin zauren, sai ka ga masana arba'in a ƙarƙashin tanti a filin ajiye motoci suna hayaƙi cikin yayyafi, kowa na riƙe da hularsa. An ba Norbert ƙarfe biyu na rana ya nuna yadda ake mayar da mataccen lofe sabo. Ya yi wata guda yana gwada jawabin a gaban madubi. Ni aka ba teburin kofi da biredi a bayan zaure, aikina na kowace shekara, wanda ba a taɓa tambayata ko ina so ba.

Ya fito da farar riga ta aiki kamar mai shirin fiɗa, ya jera sanfefa da filaya da kwalbar sifirit da injinsa.

"Jama'a," ya ce, "ba zan yaudare ku da mai kyau ba. Na zaɓo muku mafi muni da na taɓa riƙewa a rayuwata. Daga kwalin wani mamaci ya fito. In na iya gyara wannan, to babu wanda ba zai gyaru ba."

Ya ɗaga shi da yatsa biyu. Aka fashe da dariya. Buldog ne, baƙi ƙirin, ƙanzo ya cika kwanon har ɗan yatsa ba zai shiga ba, leɓen ya ƙone ta hagu. A wuyansa akwai wani siririn abu da tsatsa ta cinye.

Butar kofi na hannuna sa'ad da na hango abin. Na ajiye butar. Na ce wa kaina buldog masu arha sun fi dubu a ƙasar nan, kuma ba Baba kaɗai ya iya ɗaure tsaga ba.

Dokta Finch ya miƙe daga layin gaba. "Kawo in gani kafin ka kashe shi." Ya sa tabarau, ya juya robar wajen fitila, ya bi ta da farce. "Kai! Wannan mutum ne. Da hagu yake riƙewa, ba ya sa hannu, ma'aikaci ne. Ku dubi nan, rami biyu maimakon ɗaya. Haƙorinsa na gefe a karye yake, ya rabu gida biyu. Wani abu ya doke shi a baki."

Sarƙar ƙugiya ce ta doki Baba a baki a masana'anta, shekarar da aka haifi Norbert. In ya yi dariya sai ya kare gefen da hannu. Norbert bai san wannan ba, don a hoton Baba guda ɗaya da muke da shi, bakinsa a rufe yake.

Na ratsa kujeru ina taka ƙafafun mutane. "Norbert. Norbert, tsaya. Ba ni in gani."

"Yaya, lafiya?"

"Ka ajiye shi tukuna. Zo gefe, magana zan yi maka."

Ya dube ni, ya dubi mutanen Pittsburgh, ya yi wani murmushi irin wanda yake yi wa matan mamata. "Jama'a, yayata ke nan. Ta ƙware a kabeji." Aka yi dariya. Daɗin dariyar ya hau masa kai. "Yaya, don Allah koma wajen kofinki, kada ya huce. Nan maganar masana ake yi. Shekara sittin kina ganin lofe, har yau ba ki san gabansa da bayansa ba."

Wannan karon dariyar har da buga cinya. Wani mai jan hanci ya ce, "A ƙaro mana biredi, Mama!"

Ina da shekara saba'in da biyu a lokacin. Na yi masa wanki yana yaro, na biya masa karatu da bakina, na dafa kabejin da ya fi nauyina don ya sami hanyar shiga gidajen mutane. Tausayin da na riƙe shekara hamsin da tara ya zube a wurin nan take. Kalma huɗu kawai ake bukata, na Baba ne wannan, kuma suna kan harshena. Na haɗiye su. Na ja kujera a layin gaba kusa da Dokta, na zauna, na harɗe hannu. Na ce a raina, to masani, nuna mana.

Ya nuna mana kuwa. Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar na ranar ba.

Ya fara da zoben. Ya kama shi da filaya ya ɓanɓare, ya ɗaga wa jama'a. "Ku dubi aikin matsiyaci. Mutum ya rasa abin da zai ɗaure lofe da shi sai gwangwani." Ya yar da shi a ƙasa, ya gangaro har gaban takalmina. Ya cike tsagar da gam. Ya kankare ƙanzon, baƙin gari na zuba a kan jarida. Sannan ya ɗauki sanfefa. Dokta ya ce, "Kash, bar ramin nan mana, ba kullum ake samun irinsa ba." Norbert ya ce, "Dokta, haƙoran mutane sun ishe ka haka, ka riga ka kwashe namu." Ya goga, ya hura, ya goga. Ina kallo ramin farko ya tafi, na biyu ya daɗe yana gardama, shi ma ya tafi.

Da ya ɗura tafasasshen sifirit, sai warin ya tashi ya cika layin gaba. Taba ce mai ƙamshin ceri, irin ta cikin jakar leda. Warin barandarmu ne da yamma, warin rigar da nake kwantar da kai a kanta. Idona ya kawo ruwa. Na ga hannun Norbert ya tsaya cak, hancinsa ya buɗe, fuskarsa ta yi wani iri kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Na ce shi ke nan, ya gane. Sai ya tuna ana kallonsa. Ya yamutsa fuska, ya kaɗa hannu a gaban hanci.

"Kun ji fatalwar? Ceri! Alewar yara. Duk wanda ya sha wannan bai san taba ba, bai kuma san lofe ba."

Sau uku ya wanke shi har sifirit ya fito fari. Ya shafa kaki, injin ya yi kuka, ya ɗaga shi sama yana ƙyalli. "Ko mai shi ya tashi daga kabari ba zai gane shi ba!" Aka tafa, wasu har da miƙewa. Na sunkuya na ɗauki ɗan ƙarfen nan na sa a jaka.

A mota Norbert baki har kunne, lofen na aljihun gaban rigarsa. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito. "Kin ga mutumin Wheeling? Ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. Ke kuma me ya same ki ɗazu kika so ki ba ni kunya?"

"Tsaya a gefen titi."

"Me?"

"Na ce ka tsaya."

Ya tsaya a gaban tsohuwar ƙofar masana'anta, ba da niyya ba, nan ne kawai akwai fili. Na fito da zoben, na buɗe shi da farce. Waje tsatsa ne, amma ciki jan fentin na nan kamar jiya aka shafa, har da rabin wani farin harafi.

"Ka tuna almakashin Mama mai giɓi? Wanda ke cin gashi in tana mana aski?"

"Na tuna. Me ya kawo maganarsa?"

"Wannan ne ya yi masa giɓin. Gwangwanin kofi ne. Ni na riƙe lofen, Baba ya matse. Da yana sabo, in rana ta doke shi a baranda, sai ka kare idonka."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya ce ƙarya nake. Na ce sarƙa ta fasa wa Baba haƙorin hagu. Ya ce ƙarya nake, amma muryar ta riga ta mutu. Na ce Walter bai taɓa yi masa ƙarya ba, shi ne bai taɓa tambayar abin da ke akwai ba. Sai ya zaro lofen daga aljihu, ya kai shi hanci, ya ja numfashi har kafaɗarsa ta ɗaga. Kaki da sifirit kawai. Ya bi robar da babban yatsa, gaba da baya, gaba da baya, sumul kamar gilashi.

"Kin sani," ya ce. "Kina zaune a wurin kin sani."

"Na sani."

"Kika bar ni."

"Ka ce in koma wajen kofi."

Ban ji daɗin faɗin haka ba kamar yadda na zata. Na yi masa mugunta, na sani, kuma zan tafi da ita kabarina. Shi ma bai yi kuka ba. Ya tayar da mota ya kai ni gida, bai ce mini sai anjima ba.

Wata huɗu bai kira ni ba. Mutum uku masu buldog suka rasu a tsakanin, Dokta Finch ya kwashe lofensu duka ba tare da ko kwanon taliya ba. Daga bakin Dokta na ji sauran labarin, mun haɗu a layin kantin magani. Wai Norbert ya je gidansa da haƙoran robarsa a cikin hankici, ya roƙe shi ya fasa masa na gefen hagu gida biyu.

"Na ce masa, Norbert, ko na fasa maka, roba ba ta cin roba. Kai ka goge abin da haƙorin gaske ya yi shekaru yana sassaƙawa. Ya ce in dai fasa. To, na fasa masa. Yanzu in ya yi magana sai ya yi fito." Dokta ya girgiza kai. "Kuma ya koma shan ceri. Mun ce in zai kunna ta, ya koma can bayan tanti."

Ran wata Lahadi bayan coci na dafa taliya da kabeji, ba don kowa ya mutu ba, na tafi gidansa. Ƙofar a buɗe take. Ina sa ƙafa a zaure warin ya tare ni, kuma na tsawon numfashi ɗaya na koma 'yar shekara goma sha uku, saura kaɗan in ce Baba sannu da hutawa. Sai na shiga falo na tarar da tsoho mai sanƙo a kujera, buldog ɗari uku sun kewaye shi a bango duk sun yi ƙura, guda ɗaya a gefen hagun bakinsa. Ya mayar masa da zoben gwangwanin, ya ɗaure da zare. Yana cije da shi da duk ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, haƙoran na zamewa suna ƙwas-ƙwas.

Bai gaishe ni ba. Ya zare lofen, ya goge robar da hannun riga, ya karkata ta wajen taga.

"Yaya, zo ki duba. Nan, ta ƙasa. Kamar ya fara fitowa ko?"

Na ajiye kwanon, na sa tabarau, na karɓa na duba sosai, ta sama da ta ƙasa. Ya zuba mini ido irin na ranar gwanjon coci. Da ƙarya ɗaya zan faranta masa, kuma na iya ta, na yi shekara hamsin da tara ina yi.

"Babu komai a wurin, Norbert," na ce. "Ka goge shi da kyau. Kai gwani ne."

Ya karɓa, ya mayar bakinsa, ya ci gaba da cizo.